Inda Baba Yake Sauka

Wata biyar ke nan da faɗuwar Baba, amma har yau in babur ya gifta ta ƙofar gida sai abin ya dawo mini sabo. Likita ya ce da wuya ya sake hawa keke. Ni ce na raba shi da kekensa, kuma tun ranar ban iya gaya wa kowa labarin daga farko har ƙarshe ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Sunansa Zailani, amma a Daura in ba a ce Zailani Mai Keke ba, sai an yi ta tambayar wanne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin masinja a wani ofishi cikin gari, kullum yana tasowa daga ƙauyenmu, Tsamiyar Dabo, a gefen hanyar Mai'aduwa. Ga mai sauri tafiyar minti arba'in ce. Shi sai ya yi awa guda har da ɗoriya, alhali ƙafarsa lafiya lau take. Yawan sauka ne yake cinye masa lokaci.

Baba ba ya wuce babba yana bisa keke. In ya hango majalisar dattawa, ko masu ɗauke da gawa, ko ya zo daidai maƙabarta, sai ya miƙe a kan fedar hagu, ya wurgo ƙafar dama ta bayan sirdi, keken yana tafiya, ya dire ƙasa a hankali ya ci gaba da turawa. Sai ya wuce sosai sannan ya sake hawa. Ba ya ko tunani kafin ya yi, ƙafar ce take yi da kanta. Wurin da ya fi daɗewa a ƙasa shi ne zauren Malam Sha'aban kusa da rijiyar Kusugu, malamin da ya karantar da shi tun yana yaro. Malam ya daɗe da makancewa. Na taɓa ce wa Baba ai Malam ba ya gani, ko an sauka ko ba a sauka ba duk ɗaya ne a wurinsa.

"Ni ai ina gani," ya ce.

Keken baƙi ne, ƙirar Fonis, ya saye shi shekarar da aka ɗauke shi aiki. Inna Shatu, mahaifiyarmu, ta ce a lokacin kekuna uku ne kawai a ƙauyen, samari har wanki suke yi wa Baba don ya ba su aro su je zance. Ni ban riski wannan zamanin ba. Na tashi ne na tarar babura sun cika gari, matashi in ya sayar da ɗan maraƙi sai ya hau babur, keke kuwa ya koma na yara da masu tallan ruwa.

Sunana Ummukulsum, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗin sunan ba. Uwata yake ce mini, kuma yakan ce uwa ba a yi mata musu. Da na ci jarrabawar shiga sakandaren 'yan mata ta cikin gari, malamai suna ta wa'azi tun zuwan shari'a cewa bai dace mace ta zauna bayan ɗan acaba ba. Wasu iyayen suka cire 'ya'yansu daga makaranta saboda rashin abin hawa. Baba ya sa Inna ta ɗinka ɗan matashi, ya ɗaura a kariyar keken, ya riƙa kai ni yana ɗauko ni. Duk inda ya sauka ni ma sai in sauka, in bi shi a baya da jakata. Mun sha makara. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini 'yar mai jakin ƙarfe. Wata rana na ce masa ya riƙa ajiye ni a gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, nesa da ƙofar makaranta, wai ina so in miƙe ƙafa. Bai tambaye ni dalili ba. Shekara uku a gindin bedin nan yake ajiye ni, kuma nan nake tarar da shi in an tashi.

Da ya yi ritaya sai muka ɗauka keken zai huta. Ashe lokacin ne ma zai fara yawo. Asabar ya tafi Kongolam wurin ƙanwarsa, Talata ya zaga gonaki ya ga gero ko da ba nasa ba ne, Juma'a ya shiga gari tun hantsi ya gaida Malam Sha'aban kafin masallaci. In Inna ta tambaye shi me zai je yi, sai ya ce ba komai, iska zai sha.

Bayan na gama jami'a, ina cikin bautar ƙasa, ƙawayena biyu suka rako ni gida a motar ɗayarsu. Mun kusa ƙauyenmu muka wuce wani dattijo a keke, babbar rigarsa a tattare a kafaɗa, zufa ta jiƙa masa baya. Mai tuƙin ta yi tsaki ta ce ita 'ya'yan irin waɗannan tsofaffin take jin haushi, a bar uba yana fama da feda a rana kamar bai haifi kowa ba. Baba ne, amma ban gaya mata ba. Da ya iso gida ya yi musu sannu da zuwa, sai ta sunkuyar da kai, ni kuma na shige ɗaki.

A satin nan na kira yayana Mansur, wanda yake kasuwanci a Kongolam, na ce mu haɗa hannu mu saya wa Baba babur. Ya ce Baba bai nema ba. Na ce shi ya sa, ba zai taɓa nema ba. Na matsa masa har ya yarda, muka samu roba-roba na hannu, mai sauƙin tuƙi. Ranar da aka kawo shi Baba ya zagaya shi sau biyu, ya sa mana albarka mai yawa. Sannan ya ce a hankali, shi fa kekensa bai gaza masa ba. Na ce Baba ni dai na ce ka huta. Ya yi murmushi ya ce to, Uwata ta ce.

Na san muddin keken yana zaure zai koma masa. Washegari na sa aka kai shi wurin Kawu Kalilu, mai gyaran keke a bakin kasuwar Daura, na bi baya. Kawu Kalilu taubashin Baba ne, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Na tarar da rumfarsa cike da tsofaffin kekuna da aka zaƙulo daga ɗakunan ajiya, don fetur ya yi tsada, har malaman makaranta da ma'aikata sun fara komawa keke. Na gan su da idona, amma hankalina bai tsaya a kai ba. Na ce masa ya sayar, ko ya ba wanda ya ga dama.

Ya daina facin da yake yi ya dube ni. Ya ce shi da zai so ya ga Zailani a kan roba-roba kamar amarya za ta gidan suna, zai ma tara mutane su yi kallo. Sai kuma dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Amma 'yata, ƙafar da ta shekara talatin da biyar tana abu ɗaya, ba ranar da kika ce ta bari za ta bari ba."

Na ɗauka koyon tuƙi yake nufi. Na ce ai Mansur yana koya masa a filin makaranta, har ya iya.

Ya iya ɗin kuwa. Kwana takwas yana hawa, a hankali, ba ya nisa. Rana ta tara Juma'a ce, ya yi wanka ya sa farar riga ya nufi gari. Abin da ya faru waɗanda suke wurin ne suka gaya mana. Ya zo daidai zauren Malam Sha'aban, Malam yana zaune a ƙofa a kan buzunsa. Baba bai taka birki ba. Ya miƙe a kan matakin hagu, ya wurgo ƙafar dama ta baya, kamar yadda ya saba. Nauyinsa ya koma kan hannun dama, hannun ya murɗa totur, babur ɗin ya zabura da shi ya maka shi a bakin kwalbati. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Suka ce da aka ɗaga shi, abin da ya fara tambaya shi ne ko babur ɗin ya taɓa Malam.

Aka wuce da shi asibiti a Katsina aka yi masa aiki. Likitan matashi ne, a kan teburinsa akwai irin hular nan ta masu tseren keke. Ya ga ina kallonta, ya ce shi da abokansa duk Asabar da safe suna fita a kekuna don motsa jiki, yanzu abin ya zama yayi a cikinsu. Ya duba takardun Baba ya ce zuciyarsa da jininsa kamar na ɗan shekara arba'in, wane motsa jiki yake yi? Mansur ya ce keke ne, tun kafin a haife mu. Likita ya ce madalla, to me ya sa ya daina? Mansur ya dubi ƙasa. Ni na fita waje na tsaya jikin bango har sai da wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ni ce marar lafiyar.

Wata uku Baba yana kwance a gida. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ba ta ɗaguwa sosai. An ba shi sandar asibiti, ya jingine ta a bayan ƙofa ya ce shi ba zai ratsa gari da ita ba. Ya daina fita ko da masallacin unguwa. Abinci sai Inna ta yi da gaske yake cin loma biyu. Bai taɓa ambatar keken ba, bai kuma taɓa nuna mini fushi ba. In na shiga gaishe shi sai ya tambaye ni ko an kira ni aiki, ya ce in yi haƙuri, lokaci ne. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata safiya na kasa jurewa, na hau mota na tafi kasuwa wurin Kawu Kalilu, ina ta shirya yadda zan tambaye shi wanda ya saya. Kafin in buɗe baki ya shiga bayan rumfa ya turo shi. Ya sa masa mai, ya canja robar birki, ya goge shi har yana ƙyalli. Ya ce mutum bakwai sun taya, har da wani ma'aikacin banki, ya ce musu mai shi yana tafe. Na fashe da kuka a gaban mutane. Ya ce in share hawayena, in gaya wa ragon nan ya tashi haka nan, kwanciyar ta isa, ko mai jego ta yi arba'in ta fita.

A bayan a-kori-kura aka kawo keken. Na tura shi har ƙofar ɗakin Baba, na kaɗa ƙararrawar sau ɗaya. Ya daɗe bai yi motsi ba, sannan ya ce a kama shi. Mansur ya tallafe shi zuwa ƙofa. Ya kama kan keken da hannu biyu, ya ce Mansur ya sake shi. Ya tura, ya ja ƙafa, ya sake turawa. Haka ya ratsa tsakar gida har zaure, Inna tana tsaye da ludayi a hannu tana kallo.

Tun daga ranar, da keken yake zuwa masallaci, yana tafe a gefensa yana dogara da shi. Taku ɗari biyu ne da 'yan kai, na ƙirga. Cin abincinsa ya dawo. Kawu Kalilu ya zo dubiya ya ce masa yanzu keken ne yake hawansa, Baba ya ce ai gara shi, wani ko keken bai taɓa mallaka ba, na mutane yake shafawa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin faɗuwar.

Shekaranjiya da la'asar ina bayan ƙyauren zaure, bai san ina nan ba. Ya fito da keken, ya duba hagu da dama, babu kowa a hanya. Ya ɗora ƙafar hagu a kan feda, ya yunƙura zai wurga ta dama. Ta ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ta tsaya. Ya sake gwadawa. A karo na uku sai da ya dafa bango. Ya tsaya yana numfashi, sannan ya sa hannun rigarsa ya goge sirdin, ko da yake babu ƙura a kai.

Na fito na durƙusa a gabansa na ce Baba ka yafe mini, ni na ja maka. Ya dube ni ya daɗe, hannunsa ɗaya a kan sirdi.

"Tashi, Uwata. Ina aka taɓa jin uwa tana neman gafarar ɗanta." Ya matsa tayar baya da babban yatsa. "Ɗauko mini famfo, wannan ta yi sanyi. Juma'a nake so Mansur ya kai mu gari ni da keken, a sauke mu nesa da zauren Malam. Sauran zan tura."

Na shiga na ɗauko famfon. Na ɗaura bakinsa a tayar na fara bugawa, shi ya riƙe mini keken har na gama.