Shuɗin da Yaya Sule Ya Rasu Yana Nema

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka fita da gawar Yaya Sule daga gidanmu na Gaya, amma har yau in na ga shuɗi a allon waya sai na tsaya na ƙura masa ido, kamar za a tambaye ni ko ya yi daidai.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta. Sana'arsa zanen hula. Ya zana a ƙyalle, matan Kademi da na Ajingi su karɓa su ɗinka. Wata rana ya dawo daga Kano da tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake jonawa da talabijin, wadda ko a lokacin masu ita sun daɗe da yar da yayinta. Wai zai riƙa ganin zane da launinsa kafin ya sayi zare. Muka yi ta yi masa tsiya, don launin da take fitarwa duk a koɗe yake, kamar atamfar da ta sha wanki.

Bai kula mu ba. Ya sake komawa ya samo na'urori biyu na ƙara mata launi. Ɗaya kati ne da ake buɗe cikinta a soka, ɗaya kuma ɗan akwati da ake maƙalawa ta baya. Katin launinsa da yawa, sai dai in ya ɗau zafi hoton ya fara rawa, ja ya malala cikin fari. Akwatin launinsa kaɗan ne, amma inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi. Yaya yakan ce katin ɗan birni ne mai baki, akwatin kuwa baƙauye ne mai alkawari. Duk wanda ya shigo gidan, ko bulala ya zo aro, sai an zaunar da shi ya yi alƙalanci.

Sai daga baya muka gane ba don kasuwa yake wannan wahala ba. Babanmu ya rasu ina goye, hotonsa ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari. A ciki yana sanye da hular da Inna ta ɗinka masa tana amarya, da zaren da aka rina a karofi. Zanen ya fito sarai a hoton, Yaya ya kwafe shi tsaf. Launin ne babu. Ya san shuɗi ne, amma shuɗi kala-kala ne, kuma mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san wanne. So yake ya ɗinka hular nan tun Inna na da rai da ido.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Inna Bafulatana ce ta gidi, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. A hannun kaka ya tashi. Don haka ranar da ta yarda ta shiga ɗakinsa ta duba talabijin, gidan kaf sai da aka yi mamaki.

Ya zama al'ada. Duk Juma'a bayan la'asar, in na iso daga makarantar da nake koyarwa a Ajingi, a tayar da janareta, Inna ta zauna a bakin tabarma tana fuskantar allo, Yaya yana gefe, ni a tsakiya ina tafinta. Ya nuna na kati, ya kashe, ya cire, ya jona akwati, ya nuna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, ki ce masa wannan ya cika duhu." Wani makon kuma, "Ki ce masa ya yi haske." Shi ko sai ya ce, "To, Allah Ya kai mu Juma'a." Haka aka yi ta yi, damina da rani, har zazzaɓin da ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi a asibiti abin da ya ce da ni ke nan: "Ban samo wa Inna ba."

Kwanan baya 'yata ta ɗauki hoton Baba da waya, ta danna wani abu, nan take ya fito da launi. Hular ta zama ruwan ƙasa. Wayar ba ta yi shakka ba, ba ta tambayi kowa ba. Na ce a raina da Yaya na nan da ya yi murna da sauƙin, sannan ya tambaya a ina wayar ta san Babanmu. Zamani riga ne, kowa da irin tasa, amma wannan rigar ban ga za ta shige shi ba.

Me ya rage nasa? Zanensa na nan a kawunan mutane, ina ganinsa ranar kasuwa, kan waɗanda ko sunansa ba su taɓa ji ba. Kwamfutar na cikin kwali, ba ta ko kamawa. Sai kuma wata magana da nake ɗauke da ita ni kaɗai, wadda ta fi su nauyi.

Bayan sadakar arba'in ina tsefe wa Inna kai, ta ba ni baya, sai ta ce, ba tare da na tambaye ta ba, "Akwatin nan ya samo shi tun a farko-farko."

Na saki tsinken. Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa?"

Can ta ce, "Da na ce shi ne, da wane dalili zan sake shiga ɗakin?"

Ta rayu shekaru bayansa, ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban iya tambayarta wane shuɗin ba ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to su biyun ba su taɓa kallon fuskar juna ba, allo suke kallo. Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ka samo, ba a dai gaya maka ba ne.