Daɓen Matattun Silifas

Da taɓarya na fara yi wa Ila magana. Na tsaya tsakiyar ɗakina na zunguri rufin sau uku, bai daina ba, sai na hau benen da gwiwoyin nan nawa, ina hawa ina mita.

"Malam Ila, maƙera ka buɗe a kaina?"

Yana zaune a ƙasa, takalmin wata mata kife a kan ƙarfe, ƙusoshi a bakinsa. Ya tofar da su a tafin hannu.

"Sannu da hawa, Yaya Halima. Dunduniya ce kawai."

"Dunduniyar wa, ta giwa? Tun hantsi garin siminti ke zubo min cikin miya. Ka ji ni da kyau, kada in ƙara jin motsinka!"

Daga nan na wuce wurin mai kula da gidan, na zazzage masa. Shi kuma ya hau ya ce da Ila, ƙara ɗaya ta sake zuwa, ya kwashe kayansa.

Gidan namu na Abakpa tsohon bene ne, ya girme yawancin masu haya a ciki. Simintin da ya raba sama da ƙasa ya sha duniya har ya gaji. In na sama ya yi atishawa, na ƙasa ne ke yi masa addu'a.

Ila mutumin wani ƙauye ne a bayan Zariya. Shekara talatin yana gyaran takalmi a bakin tashar Kawo, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa ƙafar hagu, zuwa tasha ya gagara, ya dawo da aikin ɗaki. Matarsa ta riga shi tafiya. 'Yarsa ɗaya, Safiyya, tana aure a Unguwar Rimi, ta daɗe tana son ɗauke shi. Ya taɓa ce min, "A can aikina kallon get, Yaya. Nan kuwa ko yaya ina da guduma." Ɗakin nan shi ne abin da ya rage masa, na kuma san haka ranar da na kai ƙararsa.

Bai yi gardama ba, ya kama dabara. Ya ninka bargo a ƙarƙashin ƙarfen, ya buga, ya leƙo ta taga.

"Yaya, kin ji?"

"Har cikin haƙorina."

Ya shimfiɗa kwalaye. Na ji. Ya sa tsohuwar katifa, ƙusa ta ƙi shiga takalmi don laushi. Sai ya aika wa matan layinmu cewa duk mai mataccen silifas ta kawo. Buhu huɗu aka tara. Ya yanke igiyoyin, ya jera tafukan a ƙasa a matse kamar kifi a tire, hawa biyu, ya bi da gam, ya rufe da buhuna, ya ɗora falankin katako, ya shimfiɗa leda. Ƙarfen kuma ya zaunar da shi a kan yankin tayar mota. Mako uku yana jan gindi daga wannan bango zuwa wancan.

Ranar da ya gama ya leƙo. "Yaya, kin ji?"

"Ka fara ne?"

"Na gama ma."

Na samu barcin ranata. Wata huɗu ban san yana raye ba sai ta bututun da ke sauko da ruwan alwalarsa ta bayan tagata.

Wata Laraba bututun bai zubo ba, azahar, la'asar. Na ce a raina Safiyya ce ta zo ta kai shi ganin jikoki. Alhamis ma haka. Juma'a da hantsi na hau. Ƙofar a sakale ta ciki, ɗakin da ke kusa da nasa kuma ba kowa tun da masu shi suka tashi. Mai kula da gida ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar.

Yana kwance a gefe, bakin ya karkace, gudumar a hannunsa mai lafiya. Ledar ta yage, katakon ya lotsa, ya yi rami kamar ƙaramin turmi, daidai saman inda nake shimfiɗa tabarmata. Ciwon ne ya dawo, ya tafi da muryar. Tun safiyar Laraba yake bugawa.

Ban yi kuka ba. Na ɗebo ruwa na ɗiga masa a baki.

Bayan asibiti, Safiyya ta zo kwashe kaya da shi a bayan mota. Ƙarfen da gudumar ta bar su, ta ce nauyi. Bai shekara a Unguwar Rimi ba ya rasu. Ban je ba, gwiwa.

Amma ranar kwashe kayan na isa jikin motar. Ya dube ni, ya yi ta kokawa da harshe.

"Yaya... na buga."

Na tsaya ina kallon hannunsa, duk ya yi kanta. Na ce, "Ka iya aikinka, Ila. Ko ɗis ban ji ba."