Kabejin Mama

Surukata 'yar ƙasar Poland ce. Surukina ya je karatu can, ya dawo da ita Zariya, ta yi shekara arba'in da wani abu a Samaru. Da ya rasu, maigidana ya ɗauko ta zuwa gidanmu a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje inda yake aiki a jami'a, a bene hawa na tara. Mama muke ce mata. Hausarta ta fi ta 'ya'yana kyau.

Wata Asabar ta sa na raka ta kasuwar Chow Kit, ta sayi kabeji manya guda biyar. Ta yanka siriri, ta cuɗe da gishiri, ta danna a bokitin roba, ta ɗora turmina a kai. Ta ce haka kakarta ke yi kafin sanyi ya shigo. Ban tambaye ta me zai zama ba.

Kwana huɗu sai ga kumfa, ga wari mai tsami. Iyakata firamare, amma na san abin da ya kwana ya yi kumfa yana iya zama giya, kuma kusa da bokitin nake shanya sallaya. Na wanke ta sau uku. Na rama sallolin kwana biyu. Tambayar suruka ko giya take haɗawa kuwa, bakina ya ƙi. Da ta kwanta bayan azahar, na juye komai a leda na sauka da shi shara, na wanke bokitin na kife.

Da la'asar ta shigo kicin ta tsaya a kan bokitin.

"Maman yara, ina kabejina?"

Na ci gaba da goge murhu.

"Ko ni na zubar?" Ta dafa goshi. "Kai, tsufa. To ni ce."

Na bar ta a haka. Da maigidan ya dawo daga jami'a ta ba shi labari tana dariya, shi bai yi dariya ba. Dama ta taɓa barin ruwa ya ƙone a tukunya. Ya kai ta asibiti, ya hana ta shiga kicin, ya ce in riƙa cire kan gas. Ta daina zuwa kedai, shagon unguwa, ita kaɗai. Kafin ta sha shayi sai ta tambaye ni ko ta riga ta sha.

Wata biyu ina ɗauke da abin a ciki. Wata maƙwabciya 'yar Jos ta ce mini ai irin wannan kabejin tsami ne kawai, kamar na kamu, ba ya sa maye. Ranar na sami Mama a baranda tana kallon jirgin ƙasa na LRT, na durƙusa na faɗa mata.

Ta juyo ta kalle ni.

"Ke kika zubar. Ba ni ba."

"Ni ce, Mama. Ki yafe mini."

"Wata biyu ina ƙirga maɓallan rigata da safe, in ga ko kaina na nan."

Ta ce yafiya sai a hankali, amma in faɗa wa ɗanta yau, a gabanta. Na faɗa masa. Ya buɗe mata kicin. Ta shiga ta ɗauki wuƙa, ta juya ta a hannu, sannan ta miƙo mini ta ce in yanka mata albasa, ita za ta zauna ta gani.