Amma ai mun cire takalma

"Amma ai mun cire takalma."

Abin da Babana ya iya faɗa ke nan a wani shagon kwamfuta a Kafanchan, can a shekarun casa'in, da mai shagon ya ce bairos, cutar kwamfuta, ya cinye komai.

Lokacin ba a shiga ɗakin kwamfuta da takalmi, wai ƙura ce ke sa mata cuta. Baba, malamin firamare, har safa yake cirewa.

Waƙoƙin noma na kakata ne a ciki, da yaren Jju. Tana rerawa yana rubutawa. Da aka shigar da su kwamfuta, ya ba Mama takardun ta hura wuta, wai inji ba ya mantuwa. Da daminar shekarar Kaka ta rasu.

Mai shagon ya ce, "Malam, ba a ƙafa yake zuwa ba. A faifan disket ɗin wani ɗalibin kwalejin Gidan Waya ya shigo."

"To, tsohuwata fa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

Yau wayata ta ce in sabunta tsaro, sai na tuno Baba a titi, ya yi nisa, takalmansa a hannu.

Baiti ɗaya na riƙe. Ku fa, me ya rage muku na muryar kakanninku?