Abincin Rana a Gidan Ogutu

A ofishin kamfanin iri da maganin dabbobi da ke Kisumu, duk wanda aka tura aiki wani gari, kafin ya tambayi hanya sai ya tsaya a teburin Silvanus Oyier ya tambayi inda zai ci abinci. Silvanus yakan jingina da kujera, ya lumshe ido kamar likitan da aka kawo wa cuta mai wuyar sha'ani, sannan ya yanke hukunci. A Bondo akwai wata mata bayan gidan mai, karfasarta ba ta da na biyu, amma a je kafin rana ta take. A Busia kada a shiga inda aka shimfiɗa wa tebur farin ƙyalle, kuɗin wankin ƙyallen za a biya. Gidan abincin da ya cika bango da hotunan kaji, kajin a bangon suke. Layin manyan motoci a ƙofa ma ba shaida ba ne, ba kullum miya ce ke tsayar da direbobi ba.

Ɗan malamin makaranta ne daga Ugenya. Ya yi karatun aikin gona, bai taɓa riƙe fartanya da son ransa ba, sai ya samu aikin da ya dace da shi: yawo shago-shago a yankin Siaya yana tallar irin masara da maganin kaska. Yana da murya mai daɗi, da takalmi mai ƙyalli, da tumbin da yake shafawa in yana magana kamar wata takardar shaida.

Abin da bai taɓa faɗa a ofis ba shi ne, shi kansa ya daɗe da daina shiga wuraren da yake tura mutane. Ya gano inda ya fi su duka. A ƙasar nan ba a girki irin na ranar binne mutum. Ana kayar da sa, a ɗauko masu dafa abinci daga gari, a kafa rumfuna, kuma ba mai tare baƙo ya ce masa daga ina. Saboda haka Silvanus ya mayar da tafiye-tafiyensa Juma'a da Asabar, ranakun da aka fi yin binnewa, ya ajiye baƙar kwat a bayan mota. Daga kan titi yake auna gida: yawan rumfuna, ƙarar lasifika, ko akwai motar masu girki. Rumfa ɗaya, shayi ne da wake, a wuce. Kuɗin abincin da kamfani ke ba shi kuwa suna kwana a aljihu lafiya lau.

Direbansa, Mzee Barasa, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ba ya shiga. Yakan zauna a mota da gasasshiyar masararsa har a gama.

"Mzee, kai dai yunwa ce za ta kashe ka a bakin tukunya," in ji Silvanus.

"In ta kashe ni ka zo, ɗana. Na san ba za ka makara ba."

A wannan damina Silvanus yana cikin matsala. Wani kamfanin ya shigo yankin da iri mai araha, ƙananan shaguna suna ta zamewa. Wanda ya rage masa mai nauyi shi ne Ogutu, mai babban shagon kayan noma a Ugunja, wanda shi kaɗai yake ɗauke kusan rabin abin da Silvanus ke sayarwa. Manaja ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa ranar da Ogutu ya juya baya, ranar zai ajiye makullin mota ya koma sito yana ƙirga buhuna.

Ranar Juma'a suka isa Ugunja suka tarar da shagon a rufe. Wata mai tumatir a gefen ƙofa ta ce an yi musu rasuwa, yau ake binnewa a ƙauye, ta nuna hanya da haɓa. Silvanus bai tambaye ta wa ya rasu ba. Ya tuna tsohon nan mahaifin Ogutu, mai zama a benci gaban shago yana tari, ya ce a ransa lokaci ya yi. Har fuskarsa ta washe. Ga abincin rana, ga kuma damar da Ogutu zai gan shi cikin baƙar kwat a ranar baƙin cikinsa, alhali 'yan wancan kamfanin ko ƙeyarsu babu.

Rumfa biyar ya ƙirga daga nesa. Ya sa Barasa ya kutsa da motar har cikin gida, ya tsayar da ita inda kowa zai karanta sunan kamfanin a jikinta. Masu tarbar baƙi suka ga mota, suka ga kwat, suka kai shi rumfar waɗanda suka zo daga nesa, can baya kusa da madafa. Da yake jawabai sun yi tsawo, an fara sallamar baƙin nesa da abinci tun ba a je kabari ba.

Ya wanke hannu. Ya ɗebi tuwon masara, da naman sa, da cinyar kaza, ya sa aka juya masa tiren kifi ya zaɓi mai kai. Ya lura da 'yan makaranta cikin kayan makaranta, layi-layi a zaune a ƙasa sun yi tsit, ya ce wa na kusa da shi lallai marigayin ya tara zuriya. Mutumin ya dube shi, ya ja kujerarsa gefe.

Yana tsakiyar kan kifin sai ga Barasa, wanda bai taɓa taka rumfa ba, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Silvanus, taso mu yi magana."

"Mzee, ko gobara ce ta jira in gama da idon nan."

"Ka san wa ake binnewa?"

"Na san shi tun kana koyon tuƙi. Je ka samu faranti."

Kafin Barasa ya sake buɗe baki, mai gabatarwa ya sanar a lasifika cewa an ga motar abokan cinikin mai gida daga Kisumu, ana roƙon wakilinsu ya fito ya ce wani abu, a taƙaice. Silvanus ya goge hannu, ya gyara kwat, ya ratsa tsakanin kujeru. Ya karɓi abin magana ya fuskanci jama'a, ƙaramar rumfar da aka ajiye gawa tana bayansa. Irin wannan jawabin ya ji shi sau ba adadi da baki cike, ya haddace shi tsaf.

Ya gai da fasto, ya gai da dangi, ya isar da gaisuwar kamfani. Ya ce marigayin babbar bishiya ce da kowa ya sha inuwarta. Ya ce mutum ne da ya ci zamaninsa ya ƙoshi, ya ga 'ya'ya ya ga jikoki, ya tafi a lokacin da ya dace.

"Don haka, 'yan'uwa, ku share hawaye," in ji shi. "Yau ba ranar kuka ba ce. Wanda ya kai inda wannan ya kai, murna ake yi masa. Iyalin nan ba su yi asara ba, girbi suka yi."

Ya dakata inda aka saba cewa amin. Ba wanda ya ce. Wata mata a layin gaba ta sa gefen zanenta ta rufe fuska. A gefenta, riƙe da sanda, yana tari a hankali, ga tsohon nan mahaifin Ogutu yana kallonsa.

Sai a lokacin Silvanus ya waiwaya. Akwatin fari ne. An ɗora shi a kan teburin cin abinci na gidan, bai kai tsawon teburin ba, har an samu wurin ajiye furanni da hoto a ƙarshen.

Ogutu ya taso daga kujerarsa ba gaggawa. Ya karɓi abin maganar daga hannun Silvanus, ya kashe, ya miƙa wa mai gabatarwa. Abin da ya faɗa na kusa ne kawai suka ji.

"Sunanta Akoth. Aji huɗu take. Ita ce mai yin aikin makaranta a kan kantata, wadda kake aika ta sayo maka lemo in ka zo."

Silvanus ya fara cewa an ba shi labari ba daidai ba, kuma a madadin kamfani...

"Ka ci abinci?" in ji Ogutu.

"Na... an ba ni, e."

"To madalla. Ka sa a janye motarku. Ta tare hanyar da za mu bi da ita."

Barasa ya riga ya tayar da injin. Sai da ya yi baya-baya a hankali tsakanin rumfuna, jama'a suna ɗage kujeru suna ba shi hanya, 'yan makaranta sun miƙe tsaye suna jira a wuce su fara waƙar da aka koya musu. Silvanus ya bi motar a ƙasa har bakin titi, don ba wanda ya tsaya ya buɗe masa ƙofa.

A mako na gaba kayan kamfanin da ke shagon Ogutu suka dawo Kisumu a saman motar haya, a ɗaure yadda aka kai su, ba saƙo ko ɗaya. Manaja ta kira Silvanus, ya yi bayani mai tsawo a kan tsadar iri da halin 'yan kasuwar ƙauye. Ta kira Barasa, ya faɗi abin da ya gani cikin 'yan kalmomi. Kafin a tashi aiki makullin motar yana hannun wani.

Yanzu a sito yake, da baƙin littafi da biro a bayan kunne. In aka tayar da maganar, ba ya musun cewa an yi kuskure. Mai tumatir ɗin nan yake zargi. Ya ce mace ce ta buɗe baki ta ce an yi rasuwa, ta kasa ƙarasa magana.