Injin Wendell

A filin tserenmu na bayan gonakin masara a Ohio, duk wanda babur ɗinsa ya ba shi matsala ya san inda zai nufa: rumfar Marlene Dubicki, can ƙarshen layi. Ita ba ta taɓa tuƙa babur ba, ko sipana ba ta iya riƙewa daidai ba. Mai dafa wa yara abinci ce a wata firamare, gajeruwa, ga faɗa, ga kofi mai ɗaci kamar magani. Amma duk Asabar ɗin da aka buɗe mana fili tana nan, ta jawo 'yar tirela a bayan motarta ɗauke da babur ɗin marigayi mijinta, Wendell.

Wendell ya rasu ne a doguwar kwanar da ke bayan itatuwa, wadda ba a hango ta daga rumfuna. Ranar Marlene na tsaye jikin shinge, tana bin ƙarar injinsa da kunne kamar yadda ta saba. Ƙarar ta shiga bayan itatuwa, ba ta fito ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, babur ɗin ya dawo ko ƙwarzanen kirki babu.

A wurinmu ba a sayar wa ɗan'uwa kayan gyara a filin tsere. In naka ya lalace, kowa ya ajiye abin da yake yi a taru a kansa. Ta nan Marlene ta fara. Na faɗi na karya hannun birki, ta ce in je in kwance na Wendell. Na yi turus.

"Kai Dalton, ƙato da kai, fatalwa kake tsoro?" ta ce. "Ɗauki abinka. Da yana nan da ya ba ka, har ya ƙara maka da zagi."

Na ɗauka. Har yau in na zo kwanar nan na taɓa birkin, sai in ji sanyi ya bi hannuna. Bayana wani ya ɗauki sarƙa, wani taya, wani tanki. Babur ɗin ya yi ta ramewa shekara bayan shekara, har ya rage ƙarfen jiki da inji. Injin kam ba ta yarda a taɓa ba, balle a tayar. Ta taɓa gaya mini tana tsoron ta sake jin muryarsa, tana kuma tsoron ta mutu ba ta ji ba.

Bara da kaka, injin Hollis ya buga tun da safe. Hollis direban babbar mota ne mai bakin tsiya, kuma babur ɗinsa iri ɗaya ne da na Wendell. Muka zagaye shi, kowa ya san abin da ke ran kowa, an rasa mai faɗa. Shi kuwa yana zaune a ƙasa yana cewa, "Shi ke nan, na koma ɗan kallo. A ba ni kujera kusa da Mama Marlene in taya ta dafa gubar kofin nan nata."

Marlene ta daɗe tana kallon tirelarta. Sannan ta ce, "Ku kwance injin Wendell."

"Haba Mama, wasa fa nake," in ji Hollis. "Na rantse ba zan iya ba."

"Na tambaye ka ne? Tashi, ɗan nema, tun ban canza shawara ba."

Ban taɓa ganin mun yi aiki babu raha irin na ranar ba. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙarafa. Muka juye mai, muka sa sababbin fulogai, muka ɗaura shi a babur ɗin Hollis. Da yamma Hollis ya danna makunni. Injin ya yi tari, ya ƙara, sannan ya kama. Yana da wani gurnani ƙasa-ƙasa da duk tsofaffin filin muka sani, har na ga wasu na waiwaye.

Marlene ta nufi shinge, na bi ta. Hollis ya shiga fili ya wuce mu, ƙarar ta doshi itatuwa ta ɓace. Ta rufe ido, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Shirun nan ɗan kaɗan ne, amma ranar na ɗauka ba zai ƙare ba. Sai ga ƙarar ta ɓullo ta ɗaya gefen.

"Ya fito," ta ce a hankali. "Dalton, ya fito."

Duk zagaye sai ta maimaita, tana dariya hawaye na zuba. Da aka ɗaga tutar ƙare tsere, babur ɗin ya shigo ya tsaya daidai gaban rumfarta. Ta saki hannuna ta nufe shi da ɗan gudu. Mahayin ya kashe inji, ya cire hular kwano, jiƙe sharkaf da gumi. Ta ja ta tsaya tana duban fuskarsa, murmushin bai gama barin bakinta ba.

"Hollis," ta ce. "Ashe kai ne."