Tsumman Sukari da Haƙoran Ƙanena

Ba na son ƙanshin kanumfari. In maƙwabciyata ta jefa shi cikin shayi, iska ta kawo mini, sai in ɗauki tabarmata in koma ɗaki. Mutanen gida suna cewa rigimar tsufa ce, ni kuwa na san ba ita ba ce. Ƙanshin nan yana mai da ni gidanmu na ƙasar Kurfai, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Filinge, tun Nasara bai bar ƙasar ba, ina 'yar shekara tara ko kusa da haka.

Babanmu tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Faransa da ɗingishi, da akwatin ƙarfe, da wata ɗabi'a wadda ba mai ita a garin sai shi: shan kafe, wato kofi, da safe. Duk sa'ad da ya je Filinge sai ya sayo sukari mai ƙwaya, ya zuba a gwangwani, ya sa cikin akwatin nan a ƙarƙashin gado. Akwatin ba shi da kwaɗo. Bai taɓa zaton wani a gidansa zai buɗe ba.

A daminar da nake ba ku labari, Inna ta sami ciki alhali ƙanena bai isa yaye ba. A wancan zamani abin kunya ne babba, mata har waƙa suke yi wa mai irin wannan a bakin rijiya. Dole aka cire shi daga nono. Kaka, uwar babanmu, ta karɓe shi da dare, da rana kuwa manya duk suna gona, sai aka ɗaura mini shi a baya.

Yaron nan ya yi kuka. Ban taɓa jin irinsa ba har yau. Ba ya shan kunu, ba ya son fura, sai ya yi ta dukan bayana da kai. Ƙawayena suna ƙarƙashin gawo suna wasan 'yar tsana da karan dawa, in na matso sai su watse saboda ihunsa. Ran nan na shiga ɗakin Baba neman inuwa, na ga gwangwanin a buɗe. Na ɗauki ƙwaya ɗaya, na lasa, na sa masa a baki. Shiru. Kamar an ɗauke ruwan sama.

Daga ranar na sami dabara. Na yagi bakin wani tsohon zane, in ƙulle ƙwayar sukari a ciki, in tsoma a ruwa, in ba shi ya yi ta tsotsa. Da shi yake yini, da shi yake barci a bayana, ni kuma ina wasana. In na ji muryar manya sun taso daga gona, sai in zare tsumman in ɗaure a gefen zanena. Kaka har yabona take yi a gaban mutane, wai ɗiyar nan tana da hannun reno. Ina jin daɗin yabon. Baba ya lura sukarinsa ba ya daɗewa, amma mutum ne mai baƙi, sai ya ɗora a kansu.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya zo ya tafi, Inna ta haihu. Wajen farkon bazara ne aka fara ganin haƙoran ƙanena na sama sun yi rawaya daga gindi, sannan suka yi baƙi, suka fara marmashewa kamar busasshen ƙuli. In ya kurɓi ruwan randa sai ya ƙwalla ƙara ya riƙe kunci.

Kaka ta buɗe bakinsa a tsakar gida, ta duba, ta ɗago kai ta dubi Inna.

"Wanga ba aikin kowa ba na," in ji ta. "Nonon ciki na. Ga abin da gaggawa ta jawo ma ɗiyan mutane."

Inna tana tankaɗe. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ina tsaye a wurin, tsumman yana ɗaure a ƙuguna.

Aka shiga magani. Kaka ta jiƙa bagaruwa da kanwa tana goga masa. Ta daka kanumfari ta cusa a ramin haƙorin, ya yi sauƙi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo. Wata ƙanwarta mai bori ta ce a yanka jan zakara, aka yanka. Daga baya aka kira wani mai cire tsutsar haƙori daga wajen Bonkuku. Ya gasa tsingaro a wuta, ya zuba wasu 'ya'yan itace da man shanu, hayaƙi ya tashi, ya kifa ƙwarya mai huda, aka danne yaron a kai. Ni aka ce in riƙe ƙafafunsa, don ni ya fi yarda da ita. Da aka gama, mutumin ya nuna mana waɗansu fararen abubuwa sirara suna yawo a ruwa, ya ce ga tsutsotsin. Matan gari suka yi ta leƙe suna girgiza kai, suna satar kallon Inna.

Kwana uku bayan haka kuncin yaron ya kumbura har ido ya rufe, jiki ya yi zafi kamar kasko. Baba ya ce a ɗaura wa jaki sirdi, za a kai shi gidan likita. Kaka ta ce ba za a kai mata jika a yanka ba. A iya sanina, ranar kaɗai Baba ya ƙetare maganarta.

Muka bi ta cikin kwari, rana tana dukanmu, Inna da jaririya a baya, ni da ƙanena a kan jakin. A gidan likita na Filinge muka iske ma'aikacin, wani mutumin kudu ne mai Hausa a karye. Ya yi masa allura, ya sa muka kwana biyu a gidan wani abokin Baba har kumburin ya saɓe, sannan ya cire haƙora uku da wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera. Yana wanke hannu ya tambayi wa ke ba yaron nan sukari. Baba ya yi dariya, ya ce duk garinmu shi kaɗai ke da sukari, yaron kuwa bai fara shan kafe ba. Inna ta tambaya a hankali, kanta a ƙasa, ko nono ne. Mutumin ya ce a'a, nono ba ya yin haka, wannan bakin ya daɗe yana kwana da zaƙi.

Na ji Inna ta juyo ta dube ni. Ban ɗago ba.

Da muka koma gida, ta ce in kwance zanena ta wanke, ya yi ƙura. Na manta da ƙullin. Ina kallo ta same shi, ya daskare, tururuwa na binsa. Ta kwance, ta sansana, ta daɗe tana riƙe da shi. Kaka tana zaune ba nisa tana kaɗi. Na jira Inna ta ɗaga shi sama ta wanke kanta, kalma ɗaya ta ishe ta. Sai ta jefa shi cikin murhu, ta tura itace a kai.

"Tahi ki samo asuwaki mai taushi," ta ce mini. "Daga yau ke za ki riƙa goge mishi baki, sahe da marece."

Iyakar abin da ta taɓa faɗi ke nan a kan maganar. Baba ya gaya wa Kaka abin da ma'aikacin ya ce, ta ce me baƙon da Nasara ya kawo ya sani game da nono. Har Kaka ta bar duniya, in an yi baƙi suka tambayi wawulon yaron, a gaban Inna take ba da amsa. Ni kuma ina wurin, ina zuba wa baƙi ruwa. Ƙanena ya girma, sababbin haƙoran suka fito a karkace, ya saba dariya da hannu a baki har ya yi furfura.

Watan jiya jikata ta zo daga Yamai da ɗanta ɗan shekara biyu. Lokotoro, wato likitan haƙori, ya ga fararen tabo a haƙoransa, ya ce ruɓa ce ta fara, yana so ya shafa masa wani magani mai ƙarfafa haƙori, wai shi fuliyor, kuma a riƙa goge masa da man goge baki mai irinsa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Ita kuwa ta ji a waya ana cewa guba ne. Ta zo in koya mata na gargajiya, wai mu mutanen dā da asuwaki da gawayi muka tashi, haƙoranmu lafiya lau. Tana magana, yaron yana tsotsar lemo a kwalba.

Na ce mata asuwaki abu ne mai kyau, har yau da shi nake, amma sharewa yake yi, ban taɓa ganin ya tsai da ruɓar da ta kama ba. Na ce tsoronta ba wauta ba ne, kowane magani in ya yi yawa yana ɓarna, ta koma ta tambayi lokotoron iyakar da yaro zai iya ɗauka, da abin da za a yi in ya haɗiye. Amma na ce kafin komai ta karɓe kwalbar nan daga hannun yaron. Haƙoran mutanen dā ba gawayi ya tsare su ba, zaƙi ne ba su samu ba. Wanda ya samu a garinmu, na san yadda ya ƙare.

Sai na ba ta labarin duka. Ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina. Da na gama, ta tambaye ni ko na nemi gafarar Inna daga baya.

Na ce a'a. Ta ce wataƙila Inna ba ta daɗe a duniya ba bayan haka.

Ta daɗe. Sai da na haifi ɗiya biyar tana raye, ita ta yi mini wankan jegonsu duka.